Harbi-ruga: tarihin bindigar da ke soron gidanmu a Ƙoƙi

A soron gidanmu na Ƙoƙi, can saman ƙofar da ke shiga cikin gida, akwai wata doguwar bindiga a rataye. Tsawonta ya kusa tsayin mutum. Ƙotarta ta yi baƙi saboda tsufa da hayaƙi, an ɗaɗɗaure ta da ɗanyar fata wuri uku, fatar ta bushe ta ƙame. In ka haska fitila ka bi bututun da ido, kamar taƙi biyu daga wurin kunama, za ka ga wata tsaga mai tsawon yatsa, bakinta ya turo waje. A nan ta cinye yatsu uku na hannun hagun kakan mahaifina.

Ban riske shi ba. Kakata ce ta riske shi, don surukinta ne, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Baba na soro take ce masa. Ina yaro na taɓa hawa turmi zan taɓa bindigar, sai na ji muryarta daga tsakar gida: "Maigidana, sauko! Wannan ba ta san mai ita ba, balle kai." A ranar ta fara ba ni labarin, ta ci gaba da ba ni shi guntu-guntu shekara da shekaru. Da na girma na shiga karatun tarihi, sai na tarar abin da ya sami mutum ɗaya a gidanmu shi ne ya sami ƙasar baki ɗaya.

Ƙoƙi unguwar fatake ce da malamai, ba nisa da Kasuwar Kurmi, kuma a nan Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa daga baya. Baba na soro bafatake ne na hanyar Gwanja. Da kaka ta yi sai su ɗaure kaya: kanwa, baƙin rini, jar fata, tufafin Kano. Su bi ayari a ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su doshi Salaga, inda ake sayo goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Tafiya ce da kan cinye wata shida, wani lokaci shekara. Bargu kuwa an san ta da 'yan kwanta-kwanta, don haka ba wanda ke shiga ayari hannu rabbana. Mafi yawa kwari da baka suke ratayawa, wasu takobi, wasu mashi. Mai bindiga ɗaiɗai ne, kuma akwai dalili. Sarakunan Asante sun daɗe da hana bindiga da albarushi wucewa arewa, don ba sa son makamin da suka mallaki maƙwabtansu da shi ya faɗa hannun maƙwabtan. Sai bayan 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, sannan hanya ta ɗan buɗe. A shekarun da suka biyo baya ne Baba na soro ya sayi tasa. Kakata ta ce ribar tafiya guda cur ya zuba a kanta, ya dawo gida ba ko turmin zane na matansa, amma ranar da ya shigo unguwa da ita a kafaɗa har yara suka biyo shi.

Bai san asalin abin da ya saya ba, kuma ba ta yadda zai sani. Turawan Ingila suna kiran irin wannan doguwar bindiga da sunan mutanen Denmak, saboda su suka yi suna wajen sayar da ita a gidajen cinikinsu na gaɓar Ankara. Amma akasarin waɗanda suka cika Afirka ta Yamma a Bamingham ta Ingila aka ƙera su, daga baya kuma a Liyej ta Beljiyam. Masanin tarihin nan ɗan Nijeriya, Joseph Inikori, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana sauke bindigogi wajen 300,000 ko fiye a gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, kuma da 'yan Adam ake biyan da yawa daga cikinsu. Masu ƙera su sun san inda za a kai su, sun kuma san mai saye ba zai taɓa dawo da kaya ya yi ƙorafi ba. Sai su samo mafi arahar ƙarfe, su naɗe falle ya zama bututu, su haɗe bakin da wuta, su goge, su shafa wa ƙota fenti mai ɗaukar ido. Bindigar da za a ba sojan Ingila sai an ɗura mata albarushi fiye da kima an harba, an tabbatar bututun zai jure. Gidan gwajin bindiga na Bamingham kuwa sai a 1813 aka kafa shi, kuma ko bayan kafa shi mafi ƙasƙancin daraja ake turowa nan. Har a cikin maƙeran Ingila an sami wanda abin ya dame shi: William Greener ya yi rubutu yana tir da irin ƙarfen da ake yi wa baƙar fata bindiga da shi. Mu dai mun ce araha ba ta ado. Abin baƙin cikin shi ne arahar a wurin maƙeri ta tsaya, kafin kayan su iso hannun Bahaushe sun bi ta hannu biyar, kowa ya ɗora ribarsa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗura ta ba, ba zai gane dalilin sunayen da Hausawa suka raɗa mata ba. Ka tsai da ita a ƙasa, ka zuba albarushi ta baki, ka tura tsumma ko ƙaiƙayi, ka sa sandar ƙarfe ka daddaka, shi ya sa ake ce mata adaka. Ka zuba harsashi, in akwai dalma to, in babu sai gutsattsarin ƙarfe ko tsakuwa. Ka sake tura tsumma ka daka. Ka ɗan barbaɗa albarushi a wani ƙaramin kasko da ke gefe, ka ɗana kunama. A bakin kunamar akwai ƙanƙara, in ka ja sai ta ƙyasta a jikin ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi ta wata 'yar huda ta isa ciki. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan wuri ne da za ta iya ba ka kunya. Ƙanƙara tana dakushewa bayan 'yan harbe-harbe, kuma daga Turai ake kawo mai kyau. Hudar tana toshewa. Raɓa kaɗai ta isa ta kashe albarushin kasko, balle ruwan damina. Wani lokaci kaskon ya yi fuu, cikin ya yi shiru. Wani lokaci kuma ta yi jinkiri, sai ka sauke ta kana dubawa sannan ta tashi. Albarushin ciniki shi ma gauraye yake, ba ƙarfi, don haka masu bindiga suka saba ƙara mudu, suna auna ɗuri da yatsu a jikin sandar daka. Raunin albarushi ya sa a cika shi, raunin bututu kuma ba ya ɗaukar cikawa. Da mutane suka ga abin da take yi wa fuska da hannu, sai suka daina kafa ta a kafaɗa su saita. Suka koma miƙa ta nesa da jiki, su kau da kai, su ja. Harbin da aka yi fuska na kallon wani wuri kuwa, sai dai Allah ya kai shi.

Abin ya sami Baba na soro a tafiyarsa ta uku da ita, a kan hanyar dawowa, a wani zango cikin ƙasar Bargu. Sun yi lattin tasowa daga Salaga, ruwan farko ya same su a hanya. Da asuba aka yi kururuwa, mahara sun faɗa wa jakunan da ke gefen zango. Ya zabura ya ɗauko ta, da ma a ɗure take kwana. Ya ja, ta ƙi tashi. Ya sake ɗanawa ya ja, shiru. Cikin duhu da gigita ya ɗauka ɗurin jiya ya zube, sai ya ƙara wani a kai ya daka, ya canja na kasko. A ja na uku ɗuri biyu suka tashi tare. Kakata ta ce shi da kansa yakan ce bai ji zafi ba a lokacin, ƙara kawai ya ji da wani haske, sai ya ga bindigar a ƙasa, ya kai hannu zai ɗauka ya ga ba abin ɗauka da shi. 'Yan bakan ayari ne suka kori maharan. Madugu ya sa aka soya man shanu aka ƙona masa dungun, aka ɗora shi a kan jaki har Kano. Kunnensa na hagu bai ƙara ji ba.

Na tambaye ta, to me ya sa bai yar da ita a dajin ba? Ta ce ita ma ta taɓa jin an yi masa wannan tambaya a soro, ya ce dukiyarsa ce da jininsa a jiki, ba zai bar wa Bargawa ba.

Wannan na talaka ke nan. Na sarakuna ma bai fi haka da yawa ba. Tarihin Kano da aka rubuta ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, ake kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Borno ta riga mu, don tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya samo Turkawa masu koya wa mutanensa harbi. Duk da haka jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804 da baka da mashi da takobi aka ci shi. A watan Oktoba na 1826 Baturen nan Kilafaton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Konya na Gobirawa. Ya ƙiyasta mayaƙan da 50,000 zuwa 60,000, ya ƙirga bindigogi 42 kacal a cikinsu. Duk a hannun bayi suke. Ya ga kowannensu in ya harba sai ya sheƙa da gudu ya fita daga inda kibiya ke kaiwa, ya sake ɗuri. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai na tuna ɗaya sunan nata, harbi-ruga. Bahaushe bai raɗa sunan don raha ba, yadda ake aiki da ita ke nan.

Akan ce barade sun ƙi bindiga saboda girman kai, wai makamin bayi ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ina ganin lissafi ya fi girman kai yawa. Ba a ɗura adaka a kan doki. Ɗan baka gwani zai saki kibiya biyar ko fiye kafin ɗan bindiga ya gama daka ɗaya, kibiyar kuma tana ɗauke da dafin kwankwani, ko ƙuje ta yi ta gama aiki. Maƙerin unguwa zai ƙera maka kan kibiya, kyauro yana nan a fadama, ba ka jiran ayarin Tarabulus ko jirgin Kwara. Abin da bindiga ta fi baka da shi biyu ne: tana huda lifidi da sulke in ta samu, kuma ƙararta tana firgita dokin da bai saba ba. Sarki kuma yana da nasa lissafin. Makamin da sai da albarushi yake aiki, in ka riƙe rumbun albarushin ka riƙe mai makamin. Shi ya sa a Kano aka bar bindiga a hannun bayin sarki, a ƙarƙashin manyan bayin fada, ba a sake ta ga hakimai yadda suke so ba. Haɗarin fashewarta ma a kan bayin ya sauka, kuma ba wanda ya rubuta mana yatsu nawa suka zube a fagagen yaƙin Kano da Ningi.

A ƙarshen ƙarni na 19 abubuwa suka yi zafi. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a birninsa. Rabe ya ci Borno a 1893 da rundunar da aka horar da bindiga. A Kano kuma Basasa ta ɓarke a wannan shekara tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ta ƙare da Aliyu Babba, wanda ake ce wa Alu, a kan gado. Alu jarumi ne, kuma ya ga inda duniya ta dosa, musamman da Ahmadu Kuran Daga na Damagaram ya kawo yaƙi har Gezawa. Ya dage da neman bindiga ta kowace kafa, ta hannun Larabawan Tarabulus, ta kudu, da wajen mutanen da suka taɓa aikin soja a wasu rundunoni.

Amma an riga an rufe ƙofa tun daga nesa. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasels, da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a duk faɗin ƙasar da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Kano tana wajen digiri 12 arewa, cikin yankin ke nan. Abin da aka bari a ci gaba da sayarwa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin ciniki, wato irin wadda ke rataye a soronmu. A daidai lokacin sojan Turai yana riƙe da bindigar da ake ɗura wa ta gindi, harsashi da albarushi a kwanso ɗaya, ruwa ba ya hana ta tashi, ga kuma Maxim mai aman harsashi wajen 600 a minti guda. Ban yarda cewa tausayin bayi kaɗai ya rubuta wannan sharaɗi ba. Waɗanda suka shekara ɗaruruwa suna sayar mana da tarkace sun mai da tarkacen doka a daidai shekarun da suke shirin shigowa.

Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja wajen 700, igwa huɗu da Maxim huɗu. Suka fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka iso bakin ganuwa. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, an bar tsaron birni a hannun Sarkin Shanu. A nan akwai abin lura: abin da ya tsaya wa Kano a ranar shi ne abin da Kanawa suka yi da hannunsu. Badalar ƙasa, mai tsayin ƙafa 30 zuwa 50 a wasu wurare, ta shanye harsashin igwa ba ta girgiza ba. Turawa suka gwada Ƙofar Dukawuya ba su samu ba, sai da suka koma Ƙofar Kabuga suka fasa ƙyaure. Abin da aka sayo da tsada daga waje shi ne bai yi rana ba. An yi ta ruwan wuta daga kan ganuwa, hayaƙi ya turnuƙe, amma rahoton Gwamna Lugga ya nuna mutum 14 ne suka ji rauni a ɓangarensu, alhali Kanawa wajen 300 suka kwanta dama. Sarkin Shanu ya ja ya tsaya a Gidan Rumfa, a nan ya cika. Rahoton ya ce an lalata bindigogi 350 da harsashi wajen 20,000 da aka samu, harsasan kuma iri-iri ne barkatai. Wannan ma wata cuta ce ta mai sayen makami a ɓoye: bindiga daga nan, harsashi daga can, in bakinsu bai zo ɗaya ba sanda kake riƙe da ita.

Baba na soro yana gida a ranar, ya tara iyalinsa a ɗaki ɗaya. Yaran unguwa na lokacin, tsarar Alhaji Mahmudu Ƙoƙi wanda daga baya ya yi aikin ƙamus da Bargery, sun tashi da labarin wannan rana a bakinsu. Kakata ta ce Baba yakan ce daga Ƙoƙi yana iya rarrabe ƙarar biyu: tamu mai nauyi, jefi-jefi, da tasu mai kama da yayyaga sabon ƙyalle. Ya ce tun da ya ji tazarar da ke tsakanin harbinmu da harbinmu ya san me ake yi a cikin tazarar, don ya san daka, kuma ya san an gama.

Sauran labarin sananne ne. A ƙarshen Fabrairu aka yi yaƙin Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi ta kai hari da dawaki a kan 'yan tsirarun soja har ya faɗi. Sakkwato ta faɗi 15 ga Maris. A Burmi, ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, babban hafsan Turawa Manjo Mash ya mutu, kuma kibiya mai dafi ce ta kashe shi.

Bayan Turawa sun zauna sai adaka ta koma hannun maharba da masu gadin gona. Har dokar makamai ta 1959 ta ware mata aji nata daban, mafi sauƙin lasisi, wanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bayarwa. Maƙeranmu suka koyi ƙera ta, kuma ina jinjina musu, don da abin da suka samu suka yi aiki: bututun famfo, ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota, ƙotar baushe, kan ashana a madadin ƙanƙara. Sai dai bututun famfo don ruwa aka yi shi. Duk wanda ya zauna da maharba a ƙauyukan Kano ya ga dungulmin hannu ko ido ɗaya, in ka tambaya a ce maka bindiga ce ta yi baya. Yau kuma, a ƙauyukan Zamfara da Katsina, da irin wannan bindiga manomi ke kwana a bakin gari yana jiran masu AK-47. In na ji an ce 'yan sa-kai kaza sun mutu a gari kaza, abin da ke zuwa raina shi ne wannan tazara da Baba ya ji daga Ƙoƙi, tsakanin harbi da harbi.

A birni kuwa, wurin da ta rage da daraja shi ne hawan salla. 'Yan bindigar sarki su ɗura albarushi zalla ba harsashi, su harba sama, ƙasa ta girgiza, mata su rangaɗa guɗa, dawaki su yi tsaye da ƙafa biyu. Ina son wannan ƙara, da ita na tashi, kuma ba na fatan ranar da za a daina jin ta a Ƙofar Kudu. Amma nakan tsaya kusa in dubi hannuwansu. Har yanzu suna miƙa ta nesa da jiki, har yanzu suna kau da fuska kafin su ja.

Shekarun baya wani mai sayen kayan tarihi ya zo har soro ya yi wa tamu kuɗi mai tsoka. Baffana, wanda shi ne babba a gidan a lokacin, ya saurare shi har ya gama, ya ce masa: "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce." Da baƙon ya tafi ya sa aka kawo tsani, ya hau da kansa, ya kakkaɓe gidan zanzaro da ya toshe bakin bututun, ya shafa wa fatar man shanu, ya mai da ita yadda take, tsagar tana fuskantar bango.